RA'AYINMU: Rariyar Kwamfuta Da Makomar 'Ya'yanmu A Wajen Neman Aiki

Duk lokacin da aka ji sanarwar cewa rundunar 'yan sanda, ko Hukumar Shige da Fice, ko wani banki, ko wani kamfanin mai ya buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, sai ka ga shagunan intanet na Asata da Ogui da Uwani sun cika maƙil da matasa, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Haka abin yake a bakin Gada a Anaca, haka kuma yake a Diobu a Fatakwal. A cikin waɗannan matasa akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu, waɗanda a nan aka yanke masu cibiya, a nan suka yi firamare da sakandare, wasunsu har da jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha. Za su biya kuɗin mai shago, su cike fom, su koma gida su zauna jira. Mafi yawansu ba za su sake jin komai ba har abada. Wasu kuwa saƙo ne zai shigo masu a waya, da Turanci mai ladabi, cewa an gode da sha'awar da suka nuna, amma takardunsu ba su dace da abin da ake nema ba.

A kan wannan kalma ta "dacewa" muke so mu yi magana da iyalanmu a wannan fitowa, domin yawancin iyayenmu maza da mata suna ɗauka cewa wani jami'i ne ya zauna ya karanta takardun yaron, ya ga sunansa, ya ture su gefe. A wurare da dama yanzu ba haka abin yake ba. Kafin takarda ta isa gaban ɗan Adam, sai ta bi ta cikin wata manhajar kwamfuta mai yin tankaɗe da rairaya, kuma abin da rariyar ta zubar, da wuya wani ya sake waiwayarsa.

Kwanakin baya wani dattijo daga cikinmu ya kawo kuka gaban ƙungiya a kan ɗansa. An haifi yaron a nan Asata, yana da babbar difloma a fannin kasuwanci, ya yi bautar ƙasa, yana jin Hausa da Ibo da Turanci kamar ruwa, kuma shekara shida ke nan shi ke riƙe da littafin lissafin mahaifinsa, wanda ke sauke motocin albasa da wake daga Arewa. Ya nemi aikin mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya a Fatakwal. Da daddare ya tura takardunsa, kafin gari ya waye amsa ta zo cewa bai dace ba. Mahaifin ya ce mana shi bai ga wani dalili ba illa an ga sunan Bahaushe. Ba mu yi masa musu ba, domin mun san abin da muke gani a zaman da muke yi. Amma da muka sa waɗanda suka san aikin daga cikinmu suka duba abin da yaron ya tura, sai ga abubuwa uku. Na farko, takardar bayanin kansa, wato CV, hotonta aka ɗauka da waya aka tura, ba rubutun kwamfuta ba. Na biyu, sunansa iri uku ne: Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a difloma, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Na uku, a gurbin ƙwarewar aiki layi ɗaya ya rubuta, cewa yana taimaka wa mahaifinsa a kasuwa. Ga dukkan alamu babu mutumin da ya ga sunan nasa balle ya ƙi shi. Tun a bakin ƙofa na'ura ta zubar da shi.

Ya kamata kowane gida ya san yadda wannan rariya take aiki, domin ba sihiri ba ne. Mataki na farko, manhajar tana karanta takardar tana rarraba abin da ke ciki gida-gida: suna, shekarun haihuwa, makaranta, matakin sakamako, wuraren da aka yi aiki da tsawon lokacin. Idan takardar hoto ce, ko an cika ta da zane-zane da layukan ado irin waɗanda masu shago ke so su ƙawata ta da su, wasu manhajojin sai su kasa karantawa, gidajen su fito wayam. Mataki na biyu shi ne tambayoyin kora: shekarunka sun wuce kaza? Kana da digiri mai daraja kaza? Ka yi bautar ƙasa? Daga wace jiha kake? Amsa ɗaya da ta saɓa wa abin da aka saita ta isa ta rufe maka ƙofa. Mataki na uku shi ne gwada kalmomi. Manhajar tana ɗaukar kalmomin da ke cikin tallar aikin, ta nemi irinsu a takardar mai nema, ta ba shi maki. Daga nan jami'in ɗaukar aiki, wanda wataƙila takardu dubu goma ke gabansa, sai ya buɗe na saman jerin kawai, ko ya rubuta kalmar da yake so ya ga waɗanda suka fito.

Saboda haka abin da na'urar ke aunawa shi ne yadda takarda ta yi kama da takarda. Ba ta san cewa yaron da ya ce yana taimaka wa mahaifinsa, shi ne ke ƙirga buhu ɗari shida a tirela, ya san wanda ya ruɓe, ya rubuta bashin 'yan sari, ya sasanta direba da 'yan dako, ya yi ciniki da mata 'yan kasuwar Ogbete da harshensu ba. Duk abin da tallar ta nema, na kula da kaya da lissafinsu da hulɗa da masu saye, yana yin sa kullum tun kafin rana ta fito. Amma da yake bai kira shi da sunan da tallar ta kira shi ba, a wurin na'ura daidai yake da wanda bai taɓa aiki ba.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2021 Makarantar Nazarin Kasuwanci ta Jami'ar Harvard tare da kamfanin Accenture sun fitar da rahoton binciken da suka yi a Amurka da Ingila da Jamus, inda kashi 88 cikin 100 na masu ɗaukar aikin da aka tambaya suka amsa da bakinsu cewa tsarin tantancewarsu yana zubar da ƙwararrun mutanen da suka cancanta, don kawai ba su yi daidai da kalmomin tallar ba. A shekarar 2018 kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana yadda kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki da ya ƙera, bayan an gano tana rage wa mata maki. Dalilin kuwa shi ne an koyar da ita ne da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma, waɗanda galibinsu na maza ne, sai ta ɗauka namiji shi ne samfurin ma'aikaci nagari. A shekarar 2023 wani kamfanin koyarwa ta intanet mai suna iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 a Amurka, bayan hukumar tabbatar da adalci a ɗaukar aiki ta ƙasar ta kai shi ƙara cewa an saita manhajarsa ta riƙa korar mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu shekara 60 zuwa sama kai tsaye.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai a fili yake. Na'ura ba ta da ƙabila, ba ta da jiha, amma wanda ya saita ta yana da su, kuma tarihin da aka koyar da ita da shi yana da su. Idan kamfani ya shekara ashirin bai taɓa ɗaukar wani daga unguwanninmu ba, sannan ya ce wa manhaja ta nemo masa irin waɗanda ya saba ɗauka, to babu buƙatar kowa ya ce a ƙi Bahaushe. Abin zai faru da kansa, kuma ba za a sami wanda za a tuhuma ba.

Duk da haka, ba mu cikin masu cewa a koma tsarin da. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan, mutum fiye da rabin miliyan, kowa ya biya Naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu a turmutsutsu a wannan rana, kuma filin wasa na Liberation da ke Fatakwal yana cikin wuraren da aka yi asarar rai. Haka nan ba mu manta da binciken da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi a shekarar 2023 a kan sayar da guraben aiki a ma'aikatun Tarayya ba, inda aka ji yadda ake ɗaukar mutane ba tare da an ko buga talla ba. Ga wanda ba ya da kawu a ofis, ba ya da sarki ko ɗan majalisar da zai rubuta masa 'yar wasiƙa a garin da yake zaune, kamar yadda yawancinmu muke a nan, tsarin da kowa zai cike fom iri ɗaya ya fi masa alheri nesa ba kusa ba. Lokacin da aka ɗauki rukunin farko na mutum 200,000 a shirin N-Power a shekarar 2016 ta intanet, mutane da yawa da ba su san kowa ba sun samu. Abin da muke nema shi ne rariyar ta zama mai adalci, kuma a sami mutum mai rai da zai duba abin da ta zubar idan an yi ƙorafi.

To amma akwai gurbi ɗaya a cikin fom ɗin wanda gyaran takarda ba ya maganinsa, kuma shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Wannan gurbi shi ne na jihar asali da ƙaramar hukumar asali. A yawancin shafukan ɗaukar ma'aikata na gwamnati, sai ka zaɓi jiha, ka zaɓi ƙaramar hukuma, sannan ka ɗora takardar shaidar asali, wadda muka fi sani da indijin, mai ɗauke da sa hannun shugaban ƙaramar hukumar ko sakatarenta. Babu gurbin da ke cewa "an haife ni a nan, mahaifina ma a nan aka haife shi." Yaron da kakansa ya zo Inugu tun zamanin da ake haƙar kwal ana lodinsa a jirgin ƙasa zuwa Fatakwal, idan ya zaɓi Inugu ta Arewa, ƙaramar hukumar da Asata ke ciki, ba ya da takardar da zai ɗora. Idan kuma ya zaɓi garin kakansa a Katsina ko Sakkwato ko Jigawa, sai ya yi kuɗin mota ya yi tafiyar yini da kwana zuwa inda mai unguwa bai san shi ba, dagaci bai san mahaifinsa ba, a ce masa ya kawo wanda zai shaide shi. Ko ya samo takardar, sau da yawa can za a ce ya koma don tantancewar ido da ido, ya yi gogayya da 'yan gida a kan kason jiharsu. A nan baƙo, a can baƙo.

Wannan tsari ba na'ura ta ƙirƙiro shi ba. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a riƙa raba muƙaman gwamnatin Tarayya ta yadda wasu jihohi ko ƙabilu ba za su mamaye ba, kuma tun a 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya don ta kula da haka. Manufar mai kyau ce, kuma jihohin Arewa suna cikin waɗanda suka fi amfana da ita. Sai dai ƙa'idojin hukumar sun fassara ɗan asalin ƙaramar hukuma da cewa shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta amince da shi a matsayin ɗan asali. Ba a ambaci haihuwa ba, ba a ambaci tsawon zama ba, ba a ambaci biyan haraji ba. Ƙa'idojin sun kuma ce a rassan ma'aikatun Tarayya da ke jihohi, aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƙananan ma'aikata su kasance 'yan asalin yankin. Ke nan ofishin gwamnatin Tarayya da yaro ke wucewa ta gabansa kullum tun yana zuwa firamare, idan zai ɗauki masinja ko direba ko akawu, ba a lissafa shi cikin mutanen wurin.

A da, idan ka je da takardunka hannu da hannu, akwai damar ka yi bayani, wani jami'i mai tausayi ya saurare ka, wani ma ya tuna cewa tare kuka yi makaranta. Yanzu gurbin jihar asali shi ne abu na farko da manhaja ke rarraba mutane da shi, kuma ba ta sauraren bayani. Abin da ke al'adar ofis a jiya, yau ya zama ƙarfe.

Muna tunatar da shugabannin jihohin da muke zaune cewa wannan gari ya taɓa nuna wa Nijeriya wata hanya dabam. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne mutanen Inugu suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Da a yau ne jikan irinsa zai nemi aikin akawu a majalisar da ya shugabanta, da tun a shafin farko za a tsayar da shi. Kuma don kada a ce son kai muke yi, muna faɗa da babbar murya cewa abin da ke damunmu a nan shi ke damun ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ko Zariya ko Jos, wanda ya fi wasunmu iya Hausa, amma idan ya zo cike fom sai an tura shi wani ƙauye a Anambra ko Imo da bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. Hatta tsakanin 'yan'uwan juna abin bai bar kowa ba: a shekarar 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, kuma galibinsu Ibo ne daga jihohin maƙwabta. Tun a 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da cikakken rahoto a kan wariyar da ake nuna wa waɗanda ake kira baƙi a jihohin ƙasar nan, Kudu da Arewa. A shekarar 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin da zai ba wanda aka haifa a jiha ko ya shekara goma a cikinta matsayin ɗan asali, amma suka ta yi yawa har ya janye shi. Ba za mu iya neman a buɗe mana ƙofa a Inugu ba alhali muna goyon bayan a rufe wa wasu a garuruwan iyayenmu.

Me doka ta ba mu a hannu? Ya kamata mu faɗi gaskiya, kada mu sa wa mutanenmu rai a kan abin da babu. Sashe na 15(3) na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina a Tarayya, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa ko jinsinsa ko yanayin haihuwarsa, kuma wannan ana iya zuwa Babbar Kotu a kansa, sai dai ƙaramin sashe na uku ya keɓe dokokin da suka shafi naɗi a muƙaman gwamnati da aikin soja da na 'yan sanda. Saboda haka batun indijin a aikin gwamnati yaƙi ne na gyaran doka, wanda sai da haƙuri da haɗa kai da wasu.

Amma a kan ita kanta na'urar, akwai sabon makami da mutane da yawa ba su san da shi ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce a sashe na 37 mutum yana da haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai tasiri a rayuwarsa ta hanyar na'ura kaɗai. Ko a inda dokar ta yarda a yi hakan, kamar wajen shirin ƙulla yarjejeniya ko idan mutum ya amince, ta wajabta a ba shi damar neman ɗan Adam ya duba lamarin, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Dokar ta ba kowa damar tambayar kamfani ko hukuma irin bayanan da suke riƙe da su a kansa, da neman a gyara kuskure. Akwai hukumar da aka kafa don karɓar ƙorafi a kan haka, wato Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. Wasu wurare sun ma yi gaba: tun watan Yulin 2023 birnin New York ya fara aiwatar da dokar da ta tilasta a riƙa binciken irin waɗannan manhajoji don gano son kai, a kuma sanar da masu neman aiki cewa na'ura ce za ta tantance su, sannan Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta sanya manhajojin ɗaukar aiki cikin rukunin masu babban haɗari. Haƙƙin da ba a nema ba, tamkar babu shi ne, kuma har yau ba mu ji wani daga unguwanninmu da ya rubuta ko wasiƙa ɗaya yana neman a sake duba takardarsa ba.

Kafin mu nuna wa wasu yatsa, akwai gyaran da ke wuyanmu, kuma muna roƙon iyaye su ɗauke shi da muhimmanci.

Na ɗaya, suna da ranar haihuwa. Tun ranar suna a yanke shawarar yadda za a rubuta sunan yaro da boko, a karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma wannan rubutun shi za a bi a firamare da WAEC da NECO da JAMB da lambar NIN da asusun banki. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma shafukan ɗaukar aiki da yawa suna gwada abin da ka rubuta da abin da ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa. Harafi ɗaya na iya sa a ɗauke ka mutum biyu. Al'adarmu ta sa sunan gari a wata takarda, sunan kaka a wata, laƙabi a wata, ta zama tarko. Wanda nasa ya riga ya saɓa, ya je ya gyara yanzu, kada ya jira sai an buɗe shafi saura kwana uku a rufe.

Na biyu, takardar CV. A rubuta ta a kwamfuta, a sarari, ba ado, ba hoto. Kowane aiki da tasa takardar: a karanta tallar da kyau, a ja layi a ƙarƙashin abubuwan da aka nema, sannan duk wanda yaro ya iya da gaske ya rubuta shi da kalmar da tallar ta yi amfani da ita, tare da shekaru da adadi. Wanda ya riƙe shago, ya faɗi yawan kayan da ke bi ta hannunsa. Wanda ke jin harsuna uku, ya jera su, domin a kasuwancin da ke tsakanin Arewa da Kudu wannan jari ne da 'yan kaɗan ke da shi. 'Ya'yanmu mata da suka koyar a Islamiyya ko suka yi aikin sa kai a rigakafi, su rubuta shi a matsayin aiki, domin aiki ne. Kuma kada a bar wa mai shagon intanet cike fom shi kaɗai. Yaro ya zauna kusa da shi, ya karanta kowane gurbi kafin a tura, ya yi amfani da lambar wayarsa da adireshin imel nasa na kansa.

Na uku, shaidar sana'a. Makanikai da masu walda da masu gyaran lantarki da direbobi da ke cikinmu sun ƙware, amma na'ura takarda take gani. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, akwai kuma jarrabawar NABTEB. A daure a nema.

Na huɗu, kuma wannan gargaɗi ne: ban da ƙarya. Kada wanda ya saya wa ɗansa indijin na jabu, ko ya rage masa shekaru don ya shiga tsakanin 18 da 25 da ake nema a aikin kurtun ɗan sanda, ko ya cusa ƙwarewar da babu a takarda. Na'urar da ka yaudara yau ita za ta tona ka gobe, kuma idan aka kama mutum ɗaya, sunan al'umma duka ake ɓatawa. Haka nan duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro a cikin kwamfuta, a ɗauke shi ɗan damfara.

A nata ɓangaren, ƙungiya za ta nemi matasanmu da suka yi karatu kuma suke aiki su riƙa ware lokaci a ƙarshen mako suna duba takardun ƙannensu kyauta. Muna kuma roƙon duk wanda aka ƙi ɗauka ya adana tallar aikin, da abin da ya tura, da amsar da aka ba shi, da rana da lokacin da ta zo, ya kawo wa sakatare kwafi. Da irin wannan shaida ce za mu iya bambance inda laifin takardarmu ne da inda wariya ce, kuma da ita za mu iya tsayawa gaban Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mu yi magana da hujja. Kukan da ba shaida, ko an saurare shi, a nan yake ƙarewa.

Muna kira ga kamfanonin da ke aiki a Inugu da Anaca da Fatakwal da su riƙa bayyanawa a tallarsu idan manhaja ce za ta fara tantancewa, su sa adireshin da mai ƙorafi zai rubuta wa, su kuma cire tambayar jihar asali daga matakin farko, tunda kason jihohi na Hukumar Raba Daidai bai hau kan kamfani mai zaman kansa ba. Muna kira ga hukumomin Tarayya da su ƙara gurbin wurin haihuwa da wurin zama a shafukansu, su kuma bar mai nema ya yi tantancewar ido da ido a jihar da yake zaune. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin da muke cikinsu da su yi amfani da ikon da ƙa'idojin suka riga suka ba su, su amince da iyalan da suka yi zuriya biyu ko uku a ƙasarsu. Muna kira ga gwamnonin Arewa da su sauƙaƙa wa 'ya'yan mazauna Kudu samun takardar asali ta hannun sarakunan Hausawa da suka san kowane gida, su kuma yi wa 'yan Kudu da aka haifa a jihohinsu irin adalcin da muke nema a nan. Sannan muna kira ga 'yan majalisarmu na ƙasa da su dawo da maganar haƙƙin mazauni teburin gyaran Kundin Tsarin Mulki, a tattauna ta da natsuwa.

Shi kuwa yaron da muka ba da labarinsa, an sake rubuta masa takardarsa da abin da ya iya na gaskiya, ya fara bin hanyar daidaita sunansa, kuma ya rubuta wa kamfanin wasiƙa yana neman mutum ya duba lamarinsa kamar yadda doka ta ba shi dama. Duk amsar da ta zo, za mu sanar da masu karatu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Allah Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.